Yadda ake shirya tafiyar kallon namun daji a tsibirin Madagaska

Babu zaki a Madagaska, babu giwa, babu raƙumin dawa, babu ko barewa. Wanda ya saba ganin hotunan gandun dajin gabashin Afirka, inda ake zama cikin mota dabbobi na wucewa garke-garke, sai ya ajiye wannan tunanin a gefe kafin ya sayi tikiti. Abubuwan kallon Madagaska ƙanana ne, a kan reshe suke, da yawansu sai dare ya yi suke fitowa, kuma da ƙafa ake zuwa wurinsu.

Tsibirin yana cikin Tekun Indiya, kimanin kilomita 400 daga gaɓar Mozambik. Shi ne na huɗu a girma cikin tsibiran duniya, tsawonsa daga arewa zuwa kudu ya kusa kilomita 1,600. Ya rabu da ƙasar Indiya kimanin shekara miliyan 88 da suka wuce, tun daga nan yake shi kaɗai a tsakiyar ruwa, shi ya sa mafi yawan dabbobinsa da tsirransa babu irinsu a ko'ina. Wanda aka fi zuwa dominsa shi ne lemur, wata dabba dangin birai na nesa, mai manyan idanu da baki mai tsini kamar na dila. Nau'insa ya haura 100. Kusan rabin nau'in hawainiyar duniya ma a nan suke, haka nau'i 6 cikin 8 na itacen kuka.

Kuskuren da ya fi ɓata wa baƙi tafiya ɗaya ne: mutum ya buɗe taswira ya ce zai zagaye tsibirin cikin kwana goma. Mai yin haka a mota zai ƙare kwanakinsa, ya riƙa isa kurmi da tsakar rana lokacin da dabbobi suka yi likimo. Mutanen ƙasar suna da kalmar da baƙo zai ji tun ranar farko, "mora mora", wato sannu-sannu. A kanta za ka gina shirinka.

Lokacin zuwa

Damina tana farawa wajen Nuwamba ta kai Afrilu, rani kuma daga Mayu zuwa Oktoba. Daga Janairu zuwa Maris lokacin mahaukaciyar guguwar teku ne, musamman a gaɓar gabas: gadoji na karyewa, hanyoyi na yankewa, wasu masaukai ma rufewa suke yi. Kada ka sa tafiyarka ta farko cikin waɗannan watanni uku.

Yuni zuwa Agusta hanya na da kyau, amma akwai abu biyu da ba a cika gaya wa mutane ba. Na farko sanyi. Antananarivo, babban birnin ƙasar wanda kowa ke kira Tana, yana kan tudu mai tsayin sama da mita 1,200, kuma a kurmin Andasibe ma'aunin zafi kan sauko wajen digiri 10 da dare, ga yayyafi mai ratsa ƙashi. Na biyu, sanyin yana sa hawainiya da kwaɗi da macizai su ɓuya. Akwai ma wani ƙaramin lemur da ke tara kitse a wutsiyarsa ya shige kogon itace ya yi barcin watanni, ba za ka gan shi ba ko da wane ne jagoranka.

A ganinmu lokacin da ya fi shi ne daga tsakiyar Satumba zuwa ƙarshen Nuwamba. Gari ya fara ɗumi, ruwa bai kankama ba, lemur mai wutsiyar zobe ta haihu tana yawo da ɗa maƙale a ciki ko a baya, tsuntsaye na sheƙa, masu barcin rani sun fara farkawa. Kowa ya san da haka, don haka masaukan da ke bakin gandun daji suna cika da wuri. Ka kama ɗaki wata huɗu zuwa shida kafin ranar.

Lissafin hanya

Ga yadda za ka auna tafiya: a kan kwalta ka raba yawan kilomita da 40, a kan hanyar ƙasa ka raba da 20, abin da ya fito shi ne awannin da za ka yi, ban da tsayawa cin abinci. Hanyoyin siriri ne, ga kwana-kwana a kan duwatsu, ga ramuka, ga manyan motoci da amalanken shanu. Ba a tafiyar dare. Ramin da ba a gani shi ne dalili na farko, na biyu kuma a wasu yankunan kudu da yamma akwai ɓarayin shanu da ake kira dahalo waɗanda kan tare hanya. Ka tsara kowace rana yadda za ka sauka kafin ƙarfe 5 na yamma.

Yawancin baƙi hayar mota suke yi tare da direbanta, kuma shi ya fi. Kafin ka biya, a rubuta a takarda ko kuɗin mai na cikin farashin, da wanda zai ɗauki nauyin abinci da makwancin direba, da kuɗin komawar mota idan kai za ka dawo ta jirgi. A nan ne rigima ta fi tashi. Ka duba tayoyi da idonka, ka tabbata akwai safaya mai iska da jak. Motocin haya na jama'a, taxi-brousse, suna da araha sosai, sai dai ba sa tashi sai sun cika, kuma ba za su tsaya maka don ka ga hawainiya a bakin hanya ba.

Mai kwana 5 ya tsaya a Andasibe kawai. Mai kwana 10 zuwa 12 ya haɗa Andasibe da hanyar kudu. Mai son kuka da duwatsun Tsingy ya ware wa yamma kwana 7 ita kaɗai. Jiragen cikin gida kan sauya lokaci ko su soke tashi, saboda haka ka dawo Tana kwana ɗaya cur kafin jirginka na barin ƙasar.

Andasibe da kukan indri

Daga Tana zuwa Andasibe kimanin kilomita 140 ne ta gabas a kan hanyar RN2, awa huɗu ko fiye idan manyan motocin da ke zuwa tashar jiragen ruwa ta Toamasina sun yi yawa. Ka kwana uku a nan. Dalilin zuwa shi ne indri, mafi girman lemur da ke raye, baƙi da fari, nauyinsa kan kai kilo 9, wutsiyarsa ɗan guntu ne kamar an yanke. Ba a iya riƙe shi a gidan ajiye namun daji, don haka duk mai son ganinsa sai ya zo kurminsa.

Ka kasance a ƙofar sashen Analamazaotra da zarar an buɗe da safe. Indri yana zama iyali-iyali, uwa da uba da 'ya'ya, kuma da hantsi suke kuka don sanar da maƙwabta iyakar yankinsu. Sukan fara da wani gurnani gajere, sannan su saki doguwar murya mai hawa da sauka, bakinsu a zagaye, jan leɓensu a waje, kai a sama. Iyali ɗaya na yin shiru wani zai amsa daga ƙetaren kwari. Ana jin muryar daga nisan kilomita 2, in kuwa kana ƙarƙashin itacen har cikin ƙirjinka za ka ji ta. Rana na take tsaka sai su yi tsit su haye can ƙololuwa. Wanda ya tsaya karin kumallo mai tsawo ya shigo ƙarfe 10 yakan samu an tashi kasuwa.

Idan kun iske su, kada ka tsaya daidai ƙarƙashinsu. Fitsari da kashi na zubowa, wuyanka zai ƙage, kuma hotonka zai fito baƙi ƙirin saboda hasken sama na bayan dabbar. Ka ja gefe, ka nemi ɗan tudu da zai kawo ka kusa da tsayin reshen, ka sa rana a bayanka. Ka lura da ƙafafun baya: in ya tanƙwashe su ya juya kai yana auna wani itace, tsalle zai yi, kuma yakan ci mita 10 a tsalle ɗaya, jikinsa a miƙe.

Rana ta biyu ka tafi Mantadia, sashen da ke arewa, fiye da awa ɗaya a kan mummunar hanya. Itatuwan can sun fi tsayi, mutane sun fi ƙaranci, dabbobin ba su saba da mutum sosai ba, sai an sha wuya. Ladan wahalar shi ne sifaka mai launin zinariya da toka, wanda da yawa ke cewa ya fi kowane lemur kyau. Ka tafi da abincin rana da ruwa lita 2.

Jagora

A duk gandun dajin da ke ƙarƙashin hukumar Madagascar National Parks dole ne ka shiga da jagora ɗan yankin. Kuɗin shiga daban, kuɗin jagora daban, na biyun kuma ya danganta da tsawon zagayen da ka zaɓa da yawanku. Kada ka ɗauki wannan a matsayin haraji. Idon da bai saba ba zai wuce tsaka mai wutsiyar ganye ta manne a jikin itace tazarar taku ɗaya bai gan ta ba, domin fatarta da ɓawon itacen ba su da maraba, har gefen jikinta yana da wani geza da ke shafe inuwarta.

Ka je ofishin gandun da yammacin ranar da ka iso, ka gana da jagoran, ka gaya masa abin da ya kawo ka. Mai neman tsuntsaye da mai neman kwaɗi ba hanya ɗaya za su bi ba, kuma jagorori ma kowa da fannin da ya fi ƙwarewa. Harsunan aiki Malagasi ne da Faransanci, masu jin Turanci suna nan a manyan gandaye amma ana rububinsu. Sau da yawa akwai wasu samari da ke riga ku shiga kurmi tun da asuba su gano inda dabbobi suke, su kira jagora a waya. Su ma a ba su tukuici a hannunsu, don su ne suka sha raɓa.

Akwai maganar da ya kamata ka yi tun kafin ku shiga, cikin ladabi: ba ka son a girgiza itace, ba ka son a kunna muryar indri a waya don ya amsa, ba ka son a ciro hawainiya daga reshe a ɗora maka a hannu. Wasu jagorori suna yin haka ne don sun ga baƙi na murna. Muryar da aka kunna tana sa iyalin su zaci wasu sun shigo musu yanki, su bar cin abinci su hau kuka. In ka nuna tukuicinka bai rataya a kan wannan ba, jagoran ma hankalinsa zai kwanta. Ka bar tazarar mita 5 zuwa 7 tsakaninka da lemur, in kana mura ka sa takunkumi, domin dangantakarmu da su ta isa cutar mutum ta kama su.

Yawon dare

Rabin abin da ka zo gani ba ya fitowa sai duhu. Ba a yarda da yawon dare a cikin gandayen gwamnati ba, ana yin sa ne a bakin titin da ya bi gefen kurmi ko a dazukan da jama'ar gari ke kula da su, kamar na ƙungiyar Mitsinjo a Andasibe. Ana fita da zarar magariba ta wuce, a yi awa ɗaya da rabi zuwa biyu.

Sirrin yana wurin riƙe fitila. Idon lemur na dare yana maido da haske kai tsaye zuwa inda ya fito, saboda haka in tocilarka na wajen ƙugu ba za ka ga komai ba. Ka ɗaura ta a goshi ko ka riƙe ta a gefen idonka, ka riƙa share rassa a hankali daga tsayin ƙirji zuwa sama. Ɗigo biyu masu launin garwashi da ke ƙiftawa, lemur ne, galibi ɗan mitsitsin nan mai girman ɓera. Ɗigo ɗaya mai sheƙi kamar gilashi a ƙasa, gizo-gizo ne. Hawainiya kuwa idonta ba ya haske, amma tana yi maka wani alheri: in ta yi barci launinta yana kodewa ya yi fari-fari, kuma can ƙarshen siririn reshe take kwana, wutsiya a naɗe kamar gammo. Ka nemi abin da ya fi ganyen kewayensa haske.

Da ka gano dabba, ka kawar da tsakiyar hasken daga fuskarta, ka haska ta da gefensa, ko ka koma jan haske in fitilarka na da shi. Kada a yi amfani da filashin kyamara. Idon da aka halitta don duhu yana ɗaukar lokaci kafin ya dawo daidai, a wannan tsakanin kuwa mujiya na iya ɗauke ta. Minti biyu ko uku sun isa, ku wuce.

Hanyar kudu

Hanyar RN7 ta tashi daga Tana ta bi Antsirabe da Fianarantsoa ta ƙare a Toliara, sama da kilomita 900. Wuri na farko da ya cancanci kwana biyu shi ne Ranomafana, sunan na nufin ruwan zafi. A nan ne a 1986 masaniyar birai Patricia Wright da abokan aikinta suka gano lemur mai launin zinariya da ke cin gora, abin da ya kai ga kafa gandun a 1991. Tohon gorar da yake ci yana ɗauke da gubar sayanayid mai yawan da ya isa ya kashe dabba mai girmansa, shi kuwa ko a jikinsa. Ranomafana hawa da gangara ne, ƙasa mai santsi, ruwa na iya sauka kowane wata. Mai ciwon gwiwa ya nemi gajeren zagaye ya riƙe sanda.

Gaba da Ambalavao kaɗan akwai Anja, ɗan ƙaramin daji a gindin manyan duwatsu wanda mutanen ƙauyen da kansu suke kula da shi, kuɗin shiga kuma wurinsu yake zuwa. Awa biyu sun isa, kuma da wuya ka fita ba ka ga lemur mai wutsiyar zobe ba. Da sanyin safiya sukan zauna a kan dutse su buɗe hannuwa suna fuskantar rana suna shan hantsi.

Isalo, kusa da garin Ranohira, duwatsun yashi ne da kwazazzabai, inuwa kaɗan. Ka fara tafiya ƙarfe 6 da rabi, da hula da ruwa lita 3. Akwai kaburburan ƙabilar Bara a kogunan duwatsun, za mu dawo kan wannan.

Yamma

Morondava ita ce ƙofa. Kimanin kilomita 20 daga garin akwai layin kukokin nan da hotonsu ya zagaye duniya, dogaye santala-santala masu kai wa mita 30, rassa sai can a ƙoli. Mutanen wurin suna kiran irin wannan kuka renala, uwar daji, kuma sunan yana tuna cewa da kurmi ne ya kewaye su kafin a sare shi. Kowa da faɗuwar rana yake zuwa. Ka je da asuba, za ka samu wurin kusan kai kaɗai.

Dajin Kirindy, wajen kilomita 60 arewa da Morondava, shi ne inda aka fi samun ganin fosa, babban mafaraucin tsibirin, mai kama da doguwar kyanwa ja amma dangin tunku ne, kuma lemur ne abincinsa. Oktoba zuwa Nuwamba, lokacin barbararsu, shi ne lokacin da ya fi. Wasu sun saba shigowa sansanin baƙi neman ruwa, kada ganin haka ya sa ka matsa kusa ko ka bar takalmi da abinci a waje. A wannan yankin ne kaɗai ake samun mafi ƙanƙantar dangin birai a duniya, lemur mai nauyin gram 30 kacal.

Daga nan zuwa Bekopaka, ƙofar Tsingy de Bemaraha, yini guda ne a jif, da ƙetare koguna biyu, Tsiribihina da Manambolo, a jirgin fito. Da damina hanyar ba ta biyuwa sam, sai wajen Mayu zuwa Nuwamba. Tsingy dajin duwatsun farar ƙasa ne da ruwan sama ya sassaƙe suka zama tsinaye masu kaifin wuƙa, UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1990. A babban zagayen ana ɗaura maka ɗamarar tsaro mai ƙugiya biyu da kake maƙalawa a igiyar ƙarfe. In ka zo mahaɗar igiya, ka cire ƙugiya ɗaya ka maƙala a gaba, sannan ka cire ta biyun, kada duka biyun su taɓa kasancewa a sake lokaci ɗaya. Ka sa safar hannu mai kauri. Mai jin jiri a bisa ko mai tsoron matsatsin kogo ya tsaya a ƙaramin zagayen, shi ma ya isa kallo.

Kaya da lafiya

Takalmi mai rufe idon sawu da ƙasa mai cizo, wanda ka riga ka saba da shi. Dogon wando biyu masu saurin bushewa, rigar ruwa, rigar sanyi ɗaya, doguwar safa. Madubin hangen nesa mai lamba 8x42 ya fi dacewa da kurmi saboda yana shigar da haske sosai. Mai kyamara ya zo da gilashin da ya kai milimita 300, ya kuma saki jiki da ISO 1600 zuwa 3200, don ƙarƙashin itatuwa duhu ne ko da rana. Laima tana sa gilashi ya yi hazo har ya yi fumfuna, saboda haka kowane dare a sa kyamara cikin jaka mai rufuwa tare da ƙunshin ƙwayoyin tsotse laima. Wuta volt 220 ce, soket mai rami biyu zagayayyu irin na Faransa, kuma masaukai da yawa na bakin daji awanni kaɗan suke ba da wuta. Batiri biyu na ƙari da fawa bank ba ado ba ne.

A kurmin gabas akwai matsattsaku na tudu, sirara kamar zare, suna tsaye a kan ganye suna jiran mai wucewa. Ka cusa ƙafar wando cikin safa, ka shafa maganin sauro mai sinadarin DEET kashi 30 zuwa 50 a kan safar da bakin takalmi. In ya kama ka, kada ka fizge shi, kada ka ƙona shi ko ka zuba masa gishiri, don hakan na iya sa ya amayar da abin cikinsa a raunin. Ka tura farce a kwance ƙarƙashin bakinsa, wato siririn gefen, ka zame shi gefe. Jini zai ɗan daɗe yana zuba saboda yawunsa na hana daskarewa, wannan ba abin tsoro ba ne. Ka wanke da sabulu ka manna filasta, kuma kada ka sosa, sosawar ce ke kawo gyambo. Macizan tsibirin ba masu kisa ba ne, amma a yamma da kudu akwai kunama, sai a zazzage takalmi kowace safiya. Kogunan yamma kuma akwai kada.

Zazzaɓin cizon sauro yana nan, ya fi ƙarfi a gaɓar teku. Ka ga likita mako 4 zuwa 6 kafin tafiya. Maganin rigakafi na atovaquone-proguanil ana fara shi kwana 1 ko 2 kafin shiga, a ci gaba har kwana 7 bayan fitowa. Doxycycline kuwa sai an yi mako 4 ana sha bayan dawowa, kuma yana sa rana ta ƙona fata da sauri. Inda mutane ke faɗuwa shi ne daina sha da zarar sun sauka gida. Wanda ya fito daga ƙasar da ake samun cutar shawara za a nemi katin allurarsa a filin jirgin Ivato da ke Tana. Kada ka yi wanka a tafki ko ruwan da ba ya gudu saboda tsargiya. Cizon kare ko na lemur, a wanke da sabulu da ruwa minti 15, a nufi allurar haukan kare ba tare da jira ba, cibiyar Pasteur da ke Tana tana yin ta. Ka yi inshorar da ta haɗa da ɗaukar marar lafiya a jirgi, domin babban rauni sau da yawa sai an kai mutum tsibirin Réunion ko Afirka ta Kudu.

Ruwan sha na kwalba ko tafasasshe kawai. A gidajen abinci na kan hanya za a kawo maka ranon'ampango, ruwan da aka tafasa a tukunyar ƙanzon shinkafa, yana da ɗanɗanon ƙauri kuma in da zafinsa ya zo ba shi da matsala. Shinkafa ce abinci safe da rana da dare. Wanda ba ya cin naman alade ya riƙe kalmar kisoa, ya kuma yi tambaya kafin ya ci ravitoto, dakakken ganyen rogo da galibi da shi ake dafawa. Naman sa shi ne hen'omby. In gudawa ta kama ka, lita 1 na ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, a riƙa kurɓa.

Kuɗi, fady da tsaraba

Kuɗin ƙasar ariary ne, takarda mafi girma ita ce ta 20,000, don haka kuɗin mako guda dami ne. Na'urar cire kuɗi sai a manyan garuruwa, kuma gandun daji da jagorori tsaba suke karɓa. Ka cire a Tana, Antsirabe, Fianarantsoa ko Morondava kafin ka shiga daji, ka nemi ƙananan takardu. Wani abu da ke rikita baƙi: har yanzu wasu, musamman a karkara, da tsohon faran suke faɗin farashi, kuma ariary 1 faran 5 ne. In farashi ya yi maka nauyi ka tambaya da wane kuɗi ake magana, ko ka sa a rubuta.

Fady shi ne abin da al'adar wuri ta hana, kuma yana sauyawa daga ƙauye zuwa ƙauye. A wurare da yawa ba a nuna kabari da miƙaƙƙen yatsa, sai a lanƙwashe shi, shi ya sa a Isalo za ka ga jagora na nuni da gaɓar yatsa. Ka tambayi fady na kowane wuri kafin ka shiga, ka kiyaye ko ba ka gane dalilinsa ba. Wani fady ɗin ma shi ya tsare dabbobi: a yankin Andasibe ana kiran indri babakoto, ana ɗaukarsa kamar kakan mutane, kashe shi haramun ne a al'ada. Kalma biyu za su buɗe maka ƙofofi, azafady wato don Allah ko gafara, da misaotra wato na gode.

A ƙididdigar da ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta fitar a 2020, nau'in lemur 103 cikin 107 suna fuskantar barazanar ƙarewa, 33 daga ciki suna gab da ita. Sare daji don noma da gawayi shi ne babban dalili, amma baƙi ma suna da hannu. Dokar ƙasar ta hana ajiye lemur a gida, duk da haka za ka ga otal ko gidan abinci da ke da ɗaya a keji ko a ɗaure, ana ba shi ayaba ya hau kafaɗar mutane a ɗauki hoto. Yawancinsu tun suna jarirai aka raba su da uwa a daji. Kada ka biya, kada ka ɗauki hoton, kada ka kwana a wurin, kuma ka gaya wa mai wurin dalilinka. Ko a daji kada ka miƙa musu abinci, ayaba ta fi abincinsu na asali zaƙi nesa ba kusa ba, tana lalata musu haƙora, kuma lemur da ya saba karɓa yakan koma cizo.

Wajen tsaraba, ka bar duk abin da aka yi da ƙoƙon kunkuru, murjani, ko katakon rosewood da na kanya baƙi, haka tsirrai da dabbobi masu rai. Fitar da su laifi ne, ana kuma bincika jaka a Ivato. Abin da za ka saya hankali kwance shi ne kwando da hular rafiya, takardar Antemoro da ake yi da hannu a Ambalavao ana manna furanni a cikinta, da mayafin siliki na gida. Sassaƙen katako na Zafimaniry da ake sayarwa a Ambositra yana da kyau ƙwarai, sai dai ka tambayi irin itacen, ka kuma karɓi rasit ka ajiye shi tare da fasfo har ka wuce jami'an kwastan.